Yadda Ake Zaɓen Linux Ta Farko Ba Tare Da An Yi Asarar Kaya Ba

Ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10, ya daina aiko mata gyare-gyaren tsaro, sai ga waɗanda suka shiga wani tsarin ƙarin wa'adi na ɗan lokaci. Ita kuwa Windows 11 akwai tsirfa: sai kwamfuta mai guntun tsaro na TPM 2.0, kuma a ɓangaren Intel ba ta maraba da furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, in ba ta kai zubi na takwas ba. To, yawancin laftof na hannu da muke saye a Farm Centre ko Beirut Road a Kano, irin su HP EliteBook 840 G3 mai zubi na shida, lafiyarsu lau, madannansu garau, amma a hukumance an bar su a tasha. Wannan ne ya sa tambayar ta yawaita: wace Linux zan sa?

Kafin amsa, a san abin da ake magana a kai. Babbar manhaja ita ce uwar gida a cikin kwamfuta, ita ke raba wa kowa aiki, daga allo zuwa madannai zuwa sauran ƙananan manhajoji. Mai buɗaɗɗen tushe kuwa ita ce wadda aka bar rubutun da aka gina ta da shi a fili, kowa na iya karantawa, ya gyara, ya raba wa wasu, ba tare da ya zama ɓarawo ba. Linux irin wannan babbar manhajar ce. Richard Stallman ya fara aikin gina babbar manhaja ta kowa da kowa mai suna GNU a 1983, sannan Linus Torvalds, yana ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finland, ya fitar da ƙwayar Linux, wato zuciyar babbar manhajar, a 1991. Ƙwayar nan ce a cikin wayarka ta Android, saboda haka ba baƙuwarka ba ce kamar yadda kake zato. Abin da ke rikita sabon shiga shi ne ba Linux ɗaya ba ce. Ƙungiyoyi da kamfanoni daban-daban sun ɗauki ƙwayar, kowa ya yi mata nasa haɗin, kamar yadda shinkafa ɗaya ke zama dafa-duka a wannan gida, ta zama tuwo a wancan. Haɗe-haɗen nan sun kai ɗaruruwa. Kada yawansu ya tsorata ka, waɗanda suka shafe ka ba su wuce biyar ba.

Mataki na 1: Rubuta aikin da kake yi da kwamfutar

Ɗauki biro da takarda, ba wasa nake ba. Rubuta duk manhajar da ka buɗe a makonni biyun da suka wuce. Wannan takardar ce za ta yanke hukunci, ba ra'ayin wani a YouTube ba.

In jerinka bai wuce shiga intanet, buga takardu, kallon bidiyo, sauraron karatu da taron Zoom ba, hanya a buɗe take. Firefox da Chrome da VLC da Zoom da Telegram duk suna da na Linux. WhatsApp ba ta da manhajar Linux ta kanta, amma ana buɗe ta ta burawuza kamar yadda da yawa suka saba. A madadin Microsoft Office akwai LibreOffice, tana buɗe fayilolin Word da Excel da PowerPoint, tana kuma adana su a irin tsarin.

Amma in da CorelDRAW kake cin abinci, kana zana katin biki da fosta da kalanda, tsaya nan. Babu CorelDRAW ta Linux a yau, haka Photoshop da AutoCAD. Za a ce maka akwai Inkscape da GIMP, kuma gaskiya ne suna aiki, to amma hannun da ya shekara goma a Corel ba ya komawa Inkscape a mako guda, ga kwastoma a tsaye yana jiran katinsa. Za a kuma ce maka akwai Wine da ke tafiyar da manhajojin Windows. Wani lokaci ta yi, wani lokaci ta ƙi, ba abin jingina sana'a ba ne. Mai irin wannan aiki ko dai ya bar Windows ɗinsa ya sa Linux a gefe, ko ya gwada ta a wata kwamfutar daban. Ba abin kunya ba ne.

Mataki na 2: San ƙarfin kwamfutarka

A Windows, shiga Settings, sai System, sai About. Abu biyu kake nema: yawan RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, da kuma ko furosesar 64-bit ce. Sannan buɗe Task Manager, ka duba Performance, ka ga ko rumbun ajiyarka SSD ne ko tsohon had-dis mai juyawa.

RAM 8GB zuwa sama, komai zai tafi. In 4GB ne, zai yi, amma a zaɓi mai sauƙin nauyi. In 2GB ne, za ta tashi, sai dai da zarar ka buɗe shafuka huɗu ko biyar a burawuza za ta fara nishi, domin shafukan intanet na yanzu ne ke cinye RAM, ba babbar manhajar ba. Wanda ya ce maka Linux na mayar da tsohuwa yarinya ya ɗan yi ƙari. Abin da ya fi kawo canji a tsohuwar laftof shi ne cire had-dis a sa SSD, ko da mai 128GB ne. In kuwa kwamfutar 32-bit ce, sanannun nau'o'in Linux irin su Ubuntu da Mint sun daɗe da barin wannan layi, sai ka nemi irin su antiX.

Mataki na 3: Zaɓi

Ga ra'ayina kai tsaye: in ka fito daga Windows kuma ba ka taɓa taɓa Linux ba, ɗauki Linux Mint. Clément Lefèbvre ya fara ta a 2006, an gina ta a kan Ubuntu, ita kuma Ubuntu an gina ta a kan Debian, wadda Ian Murdock ya kafa tun 1993. Amfanin wannan salsala shi ne duk matsalar da za ka ci karo da ita, wani ya riga ka, kuma maganin da aka rubuta don Ubuntu galibi yana yi wa Mint aiki.

Mint na zuwa da fuska uku. Fuska ita ce abin da idonka ke gani: inda menu yake, yadda tagogi ke buɗewa, inda agogo yake. Cinnamon ita ce babbar, menu a ƙasa ta hagu, agogo a ƙasa ta dama, wanda ya saba da Windows 7 ko 10 ba zai yi ɓatan kai ba. Xfce ta fi sauƙin nauyi, ita nake ba masu RAM 4GB zuwa ƙasa. MATE na tsakani. Masu Mint sun ce 2GB na RAM da 20GB na rumbu sun isa a girka ta, amma su da kansu sun fi son 4GB da 100GB. Jerin Mint 22 yana samun gyaran tsaro har 2029.

Ubuntu ita ce ta fi suna. Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, ya fito da ita a 2004 ta hannun kamfaninsa Canonical. Lambobinta shekara ce da wata: 24.04 na nufin Afrilun 2024. Duk bayan shekara biyu, a watan Afrilu, ake fitar da mai tambarin LTS, wadda ake kula da ita shekara biyar. In Ubuntu ka zaɓa, mai LTS za ka ɗauka, domin sauran wata tara kawai ake kula da su. Fuskarta, GNOME, ta fi kama da ta waya, kuma ta fi Cinnamon cin RAM. Ɗalibin da ke koyon rubuta manhaja zai ji daɗinta, don yawancin darussan da zai samu da ita ake misali.

Zorin OS, daga ƙasar Ireland, ita ma an yi ta ne don masu ƙaura daga Windows, ba laifi. Fedora, wadda Red Hat ke ɗaukar nauyi, tana da kyau ƙwarai, amma kusan duk wata shida take fitar da sabuwa, kowace kuma wata 13 ne wa'adinta. Wannan na nufin yawan sauke manyan fayiloli, kuma duk wanda ke sayen data da kuɗin aljihunsa ya san abin da hakan ke nufi. Arch kuwa a bar ta sai an yi ƙwari.

Sai Kali. Kusan duk matashin da ya zo mini da maganar Linux, sunan da ke bakinsa ke nan, don ya ga hoton dodon tambarinta da baƙin allo ya ɗauka da an girka an zama ɗan dandatsa. Kali akwatin kayan aiki ne na masu gwajin tsaron na'urori, su kansu masu ita sun rubuta cewa ba don sabon shiga aka yi ta ba, ba kuma don aikin yau da kullum ba. Wanda bai iya keke ba ba ya fara da tirela. In tsaron intanet kake son koya, fara da Mint ko Ubuntu, ka iya zirga-zirga a ciki, daga baya ka sa Kali a cikin VirtualBox, manhajar da ke tafiyar da wata babbar manhaja a cikin taka.

Akwai wani ma'auni da ya fi duk waɗannan: wa ke kusa da kai? In abokinka ko wani a makarantarku yana amfani da Ubuntu kuma zai ɗaga waya in ka kira shi da dare, ɗauki Ubuntu, ka manta da abin da na ce game da Mint. Masu gyaran kwamfuta da yawa a kasuwa, da sun ga abin da ba Windows ba, maganinsu ɗaya ne, a goge a sa Windows.

Mataki na 4: Kwashe kayanka

Wannan ne matakin da ake tsallakewa, kuma shi ne mai sa kuka. Wani ƙanena yana ajin ƙarshe a jami'a, ya zo mini da laftof a hannu, ido ya yi ja. Ya girka Linux da daddare, ya danna abin da bai karanta ba, babi uku na furojet ɗinsa da hotunan bikin yayarsa duk sun tafi. Ya ce, "Yaya, wallahi Next kawai nake ta dannawa." Muka kwana muna ƙoƙarin tono su, abin da muka samu bai taka kara ya karya ba. Sai da ya bi tsofaffin saƙonnin da ya tura wa malaminsa ya tsinto babi biyu.

Saboda haka kwafe komai zuwa wani rumbu na waje ko filashi daban, ba wanda za ka yi girki da shi ba. Duba Desktop, Documents, Downloads, Pictures, da duk wani lungu da kake jefa abu. Kalmomin sirrin da burawuza ta riƙe maka, ka tabbata kana da su a wani wuri. Bayan ka kwafe, buɗe wasu fayilolin daga inda ka kai su ka ga suna buɗewa. In rumbunka na kulle da BitLocker, nemo mabuɗin ceto mai lamba 48 ka rubuta a takarda, domin taɓa BIOS, wato saitin da ke tada kwamfuta kafin babbar manhaja ta buɗe, na iya sa Windows ta tambaye ka shi.

Mataki na 5: Sauke, ka tantance, ka ɗora a filashi

Daga shafin masu ita kaɗai za ka sauke, linuxmint.com ko ubuntu.com. Fayil ɗin ISO ne, wato babbar manhajar gaba ɗaya a dunƙule cikin fayil guda. Na Mint ya kusa 3GB, na Ubuntu 24.04 ya kusa ninka haka, sai a yi dabarar garabasar dare ko a nemi inda ake da wayfay. In wani ya riga ya sauke, karɓa a wurinsa halal ne, lasisin ma ya yarda da haka.

Ko daga ina ya fito, tantance shi, musamman in intanet ta yi ta yankewa lokacin saukewa. A shafin akwai wata doguwar lamba mai suna SHA256. Buɗe PowerShell a Windows, rubuta Get-FileHash, ka bar tazara, ka jawo fayil ɗin ka sake shi a ciki, ka danna Enter. Lambar da ta fito ta zama daidai da ta shafin. In sun saɓa, fayil ɗin ya lalace, kuma girki da shi wahala ce kawai.

Nemi filashi mai 8GB ko fiye, wanda babu komai a ciki, don za a goge shi tas. Sauke Rufus ko balenaEtcher, manhajojin ɗora ISO a filashi, zaɓi fayil ɗin, zaɓi filashin, ka danna. Dubi sunan filashin sau biyu kafin ka danna, kada ka goge rumbun da ka kwashe kayanka a ciki. Mai son gwada nau'i biyu ko uku ya yi amfani da Ventoy: sau ɗaya ake shirya filashin, daga nan sai dai a yi ta jefa fayilolin ISO a ciki kamar waƙoƙi. A guji filashin bogi mai arha da ke cewa 64GB alhali cikinsa bai kai ba.

Mataki na 6: Gwada kafin ka girka

Nan ne Linux ta yi wa sauran fintinkau. Tana iya tashi daga filashi gaba ɗayanta ba tare da ta taɓa rumbunka ba. Kashe kwamfutar, soka filashin, kunna, ka yi ta danna maɓallin zaɓen inda za ta tashi: F9 a HP, F12 a Dell da Lenovo, Esc a yawancin Asus. Zaɓi filashin. In ta ƙi, shiga BIOS ka duba ko an hana tashi daga USB. Ubuntu da Mint na tashi ko da Secure Boot, wani tsaro da ke cikin BIOS, na kunne, amma in ta turje, kashe shi ka sake gwadawa.

Da ta buɗe, kada ka yi saurin danna alamar girkawa. Zauna da ita awa guda. Haɗa wayfay. Kunna bidiyo ka ji sauti, ka soka abin kunne ka ji ko ya koma can. Ƙara hasken allo ka rage. Gwada kyamara da bulutut. Rufe murfin laftof ɗin, ka jira minti ɗaya, ka buɗe ka ga ko ta farka. In kana da firinta, jona ta ka buga shafi guda. Buɗe wata takardarka ta Word ta gaske, mai tebur da lambobin shafi, ka ga yadda ta zauna a LibreOffice. Za ka ji ta ɗan yi nauyi, wannan laifin filashi ne, ba haka za ta kasance a rumbu ba.

Ni a karona na farko wayfay ne ya ƙi. Babu ko alamarsa, kamar an cire shi da filaya. Ashe katin Broadcom ne, irin wanda direbansa, wato 'yar manhajar da ke sa shi aiki, ba ya zuwa a kunne. Abin dariyar shi ne sai da intanet ake sauke abin da zai kawo intanet. Na jona wayata da kebul, na kunna USB tethering, wato raba intanet ɗin waya ta kebul, nan take kwamfutar ta gan ta ba tare da neman komai ba. Na buɗe Driver Manager, na zaɓi direban, shi ke nan. Masu katin hoto na Nvidia ma ta nan za su bi.

Gwada kuma rubutun Hausa. A saitin madannai akwai tsarin Hausa na Najeriya, har da na Gana, a ciki suke zuwa ba sai an sauke komai ba. Ƙara shi, buɗe shafin rubutu, ka lalubo inda ƙ da ɗ da ɓ suke, ka rubuta "ɓarawo ya ɗauke ƙwarya" ka ga sun fito da ƙugiyarsu. Na Larabci ma yana nan ga masu buƙata.

Mataki na 7: Girkawa

Cika batir, ka bar caja a jone. In batirin ya mutu, laftof ɗin sai da wuta take aiki, kada ka fara sai kana da tabbacin wutar da za ta kai awa guda. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar raba rumbu ba ƙaramin aiki take jawowa ba.

In za ka bar Windows a gefe, wanda shi nake ba sabon shiga shawara, koma cikinta tukuna. Kashe Fast Startup a saitin wuta na Control Panel, domin yana barin rumbu a rabin barci, Linux ta kasa rubutu a ɓangaren Windows. Sannan buɗe Disk Management, ka matse ɓangaren C ka fitar da fili, 50GB ko fiye, ka bar shi haka ba tare da ka yi masa komai ba.

Tashi daga filashi, danna Install. Zai tambaye ka harshe da madannai. A Mint, sa alama a akwatin multimedia codecs don bidiyo da sauti su yi aiki. Daga nan sai shafin da ya cinye furojet ɗin ƙanena. Karanta shi da babbar murya in ta kama. "Install alongside Windows" na nufin a zauna tare. "Erase disk" na nufin a share komai, har Windows, har hotuna. "Something else" na masu raba rumbu da hannu ne, bar shi. In ba ka ga zaɓin zama tare ba, kada ka ci gaba da fatan alheri, fita ka bincika. Sau da yawa BitLocker ne, ko kuma saitin rumbu a BIOS yana kan RST maimakon AHCI, kuma sauya wannan ba tare da an shirya Windows ba na iya hana ta tashi, sai a nemi wanda ya sani.

Zaɓi Lagos ko Niamey a taswirar lokaci. Sa suna da kalmar sirri da ba za ka manta ba, don duk lokacin da za a girka wani abu ko a sauya babban saiti sai an tambaye ka ita. In an gama, cire filashi, sake kunnawa. Wani ɗan jeri mai suna GRUB zai riƙa fitowa yana tambayar wacce za ka shiga.

Mataki na 8: Makon farko

In Mint ka girka, buɗe Update Manager ka sabunta komai, zagayen farko na da ɗan cin data. Saita Timeshift, wanda ke ɗaukar hoton tsarin kwamfutar don in wani abu ya lalace a koma jiya. Lura, tsarin yake adanawa, ba takardunka ba. Manhajoji kuma daga Software Manager ake ɗauko su, an wuce zamanin yawo a shafuka ana neman wadda aka fasa.

Game da Terminal, baƙin allon da ake tsoro: za ka iya wata guda ba ka buɗe shi ba. Ranar da ka buɗe, kada ka liƙa umarnin da ba ka fahimta ba, musamman mai farawa da sudo, domin wannan kalma na ba umarni ikon taɓa komai. In ka rubuta kalmar sirri ba ka ga ko ɗigo ya fito ba, ba lalacewa ba ce, haka aka yi shi.

Takardar da za ka kai shagon buga takardu, mayar da ita PDF tun daga gida. Rubutun Times New Roman da Calibri ba sa zuwa da Linux, akwai masu maye gurbinsu, amma wani lokaci layi kan zame, shafi 40 ya koma 41. Mai son na Microsoft ɗin ya girka ttf-mscorefonts-installer, zai samu Times New Roman da Arial.

Abu na ƙarshe da zai ba ka mamaki in kana da Windows a gefe: agogo. Linux na ajiye agogon cikin na'ura a kan lokacin duniya na UTC, Windows kuma na ɗaukarsa a matsayin lokacin gari. Da yake Najeriya da Nijar na gaban UTC da awa ɗaya, duk sanda ka fito daga Linux ka shiga Windows sai ka tarar agogo ya koma baya da awa guda. Mutanen Gana ba ruwansu da wannan, lokacinsu daidai yake da UTC. Maganinsa layi ɗaya ne a Terminal: timedatectl set-local-rtc 1. Sai ka shiga Windows ka gyara agogon sau ɗaya. Kafin ka yi haka, kada ka dogara da agogon laftof wajen shan ruwa da azumi.